Sanya hitar ruwan wanka a gida: abin da za ka kashe da sharuɗɗan da ba a tsallakewa

Da zarar hunturu ya kankama, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwan da ya kwana a tankin sama yakan wayi gari da sanyin da ko alwala sai an yi ta maza. A Jos da Zariya da Funtuwa abin ya fi tsanani, amma ko a Kano da Sakkwato akwai safiyar da yaro zai yi kuka kafin a yi masa wankan makaranta. A lokacin ne magidanta da yawa suke tunanin su huta da ɗora tukunya a kan gawayi ko gas, su sayi hita ta jikin bango. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya tafi kasuwa ya tambayi kuɗin hita, ya ɗauka lissafi ya ƙare. Hitar kanta kashi ɗaya ce. Waya, makunni, wayar ƙasa, bututu, bawul da kuɗin ma'aikata su ne ragowar, kuma a nan ne ake rage hannu, a nan ne kuma haɗari yake.

Mataki na farko: duba wutarka da ruwanka kafin ka je kasuwa

Ka fara da takardar wutarka ko rasidin katin mita, ka ga rukunin da layinku yake. Hukumar NERC mai tsara harkar wutar lantarki ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar: rukunin A ya kamata ya samu aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Wannan a takarda ke nan. Kai ka fi kowa sanin lokacin da ake kawo muku da lokacin da ake ɗaukewa. Abin tambaya shi ne, akwai wuta da asuba? Idan unguwarku sai tsakar dare ake kawowa a ɗauke kafin kiran sallah, hita mai tanki ce taka, domin tana riƙe zafi na sa'o'i bayan wuta ta tafi. Hita mai dafawa nan take ba ta da amfani ko kaɗan a lokacin da babu wuta.

Sai ƙarfin wutar. Tsarin Najeriya bolt 230 ne, amma a unguwannin da taransifoma ta yi wa jama'a kaɗan, da daddare yakan faɗi ƙasa sosai. Ƙarfin hita yana raguwa fiye da yadda wutar ta ragu: hita mai wat 1,500 idan wuta ta sauka zuwa bolt 180, abin da za ta bayar bai wuce wat 920 ba. Ba za ta lalace ba, amma aikin awa ɗaya da rabi zai koma awa biyu da rabi. Ka sa mai aikin wuta ya auna maka da na'ura, da yamma da kuma asuba.

Kada ka sa rai da ƙaramin janareto. Wanda bai kai wat dubu ɗaya ba ba zai ɗauki ko ƙaramar hita ba. Inbata da batir ma ban ba ka shawarar ka ɗora musu ba, sai dai in babban tsari gare ka kuma da rana za ka kunna lokacin da farantan sola suke aiki. Mafi sauƙi a ce wa mai wayarin ya ware layin hita daga layin inbata tun daga akwatin rarraba wuta.

Ɓangaren ruwa kuma, yawancin gidajenmu daga rijiya ko burtsatse ake tura ruwa zuwa tankin sama, daga nan ya gangaro da nauyinsa. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsin bar 1 (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa). Idan gindin tankinka mita 3 kacal ya fi kan shawa tsayi, matsin da kake da shi kusan bar 0.3 ne, wanda ya yi kaɗan ga yawancin hitoci masu dafawa nan take. Hita mai tanki za ta yi aiki da shi, sai dai ruwan zafin zai riƙa zuwa a hankali. Dole hitar ta kasance ƙasa da gindin tankin sama, in ba haka ba ba za ta cika ba. Wannan yakan zama matsala a banɗakin bene idan hasumiyar tanki gajeriya ce.

Mataki na biyu: zaɓen irin hitar

Mai tanki ita ce aka fi sani, irin farar nan da ake ratayawa a bango, mai lita 10, 15, 30, 50, 80 ko 100. Ariston ta Italiya ce sunan da ya fi yawo a bakin masu shaguna, har wasu suna kiran kowace hita da shi, kuma saboda haka ne ake yawan samun jabunta. Ƙarfinta galibi wat 1,200 zuwa 2,000 ne. A ganina ita ce ta fi dacewa da gidajen Arewa da yawa, saboda tana haƙuri da wuta mai rauni da ruwa mai rauni.

Wajen girma, ga lissafi mai sauƙi. Ruwan wanka mai daɗi yana kusa da digiri 40. Idan hita ta dafa ruwa zuwa digiri 60, ruwan famfo kuma yana 20, rabi da rabi za ka surka. Ke nan hita mai lita 15 tana ba da kusan lita 30 na ruwan wanka, wato bokiti biyu matsakaita, ko shawa ta minti biyar ga mutum ɗaya. Mai lita 30 za ta ishi mata da miji. Banɗakin da yara huɗu ko biyar suke layi da safe yana buƙatar 50 zuwa sama. A aikace abin yakan ɗan gaza lissafi, domin yayin da kake jan ruwan zafi, na sanyi yana shiga tankin yana surka na ciki.

Mai dafawa nan take ƙarama ce, ba ta cin wuri, kuma ba ta ajiye ruwa balle zafi ya tsere. Matsalarta jan wuta. Mai wat 3,500 tana jan amfiya 15 (amfiya ma'aunin yawan wutar da na'ura take ja ne), mai wat 5,500 tana jan kusan 24, mai wat 7,000 kuma 30. Duk da haka, mai wat 3,500 idan ruwa yana wucewa lita 3 a minti, digiri 17 kawai za ta ƙara masa. Ruwan da ya kwana a tanki ya sauka zuwa digiri 15 zai fito a 32, wato ɗumi-ɗumi. Wuta ta yi rauni kuwa, sai ka rasa bambancinsa da na famfo. Ta dace da mai wuta tsayayya da waya mai kauri, kuma in matsin ruwa ya yi ƙasa a nemi wadda ke da ɗan famfon turawa a cikinta.

Mai amfani da rana ita ce ta fi tsada a saye, ta fi araha a riƙe. Irin mai dogayen kwalabe da tanki a kwance a sama, yawanci lita 100 zuwa 300. Rana ba abin da muka rasa ba ne, sai dai hazon hunturu da ƙura suna rage mata ƙarfi daidai lokacin da aka fi buƙatarta, don haka sai an riƙa goge kwalaben. A fuskantar da ita kudu. Mai lita 200 idan ta cika, da ƙarafunanta, ta haura kilo 250, don haka ba a ɗora ta a kan rufin kwano mai katako. Sai kan dakali na kankare ko hasumiyar ƙarfe, kuma tankin da yake ba ta ruwa ya fi ta tsayi. A watan Maris da Afrilu ruwanta yakan kusa tafasa, shi ya sa take buƙatar bawul mai surka ruwa kafin ya iso banɗaki. Kada a taɓa zuba ruwan sanyi a kwalaben da suka sha rana babu ruwa a ciki, fashewa suke yi. Da sassafe ko da daddare ake cika ta karon farko.

Akwai mai gas. In za ka saka, a waje ake kafa ta ko a wuri mai iska da bututun fitar da hayaƙi. A rufaffen banɗaki tana fitar da iskar guba marar wari, irin wadda take kashe masu kwana da gawayi a ɗaki lokacin sanyi.

Ita kuwa hitar da ake tsomawa a bokiti, na san araharta ce take jan mutane, amma ba ta da abin kashe kanta, ba ta da kariya, kuma hannu ɗaya a cikin ruwan yana kunne ya isa. Gidan da ke da yara bai kamata ta kwana a cikinsa ba.

Mataki na uku: lissafin kuɗi

Hitoci daga waje ake shigo da yawancinsu, waya kuma tagulla ce, don haka farashinsu yana bin dala. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni 2023, farashin da maƙwabcinka ya saya bara ba hujja ba ne. Abin yi shi ne ka rubuta jerin kayan, ka zagaya shaguna uku da takarda ɗaya. A Kano akwai masu kayan wuta da na famfo a Sabon Gari, musamman titin France, da kasuwar Ƙofar Ruwa. A Abuja akwai Dei-Dei. Ka tambayi farashin kowane abu daban, kada ka yarda da kuɗi dunƙule.

Jerin ya ƙunshi hitar kanta tare da bawul ɗin kariya da ya kamata ya zo a cikin kwalinta. In mai tanki ce, makunnin hita mai amfiya 20 mai yanke layi biyu, mai ɗan jan fitila. Bireka ta musamman. Na'urar RCD, mai yanke wuta idan ta yi yoyo, mai miliamfiya 30. Waya mai jijiya uku gwargwadon nisan banɗaki daga akwatin wuta. Bututun rufe waya. Sandar tagulla da ake binnewa da wayar ƙasa, wadda take janye wutar da ta yi yoyo zuwa cikin ƙasa, in gidan ba shi da su. Bututun ruwan zafi da mahaɗansa. Tiyo biyu masu lanƙwasuwa. Bawul na rufe ruwa. Kusoshin bango masu buɗewa a ciki. Famfon surki idan na yanzu mai baki ɗaya ne. Sai kuɗin mai aikin famfo, kuɗin mai aikin wuta, da kuɗin mai tayil.

Wannan na ƙarshe shi ne yake ba mutane mamaki. Gidan da aka gina ba tare da layin ruwan zafi ba, ko dai a fasa tayil a binne bututu, ko a bi da shi ta saman bango. Fasawa ya fi kyan gani, amma sai ka samo tayil irin na da, wanda sau da yawa ya ɓace daga kasuwa. Bi ta sama ya fi araha kuma gyara ya fi sauƙi. Dabara ta uku ita ce a rataye hitar a bayan bangon banɗaki ta waje, a yi mata ɗan rufi, a huda bango a shigo da bututu kai tsaye inda famfo yake. Wanda yake gini yanzu kuwa, ya sa layin ruwan zafi da bututun waya tun kafin filasta, ko da bai shirya sayen hita ba. Abin da zai kashe bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da fasa bango daga baya.

Sai kuɗin da za ka riƙa biya kullum, wanda lissafinsa ba ya canzawa. Ɗaga zafin lita ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin wat 1.16 na awa guda, yunit ɗaya kuma wat 1,000 ne na awa guda. Lita 30 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit 1.4, lita 50 yana cin yunit 2.3, lita 15 kuma yunit 0.7. A watan Afrilu 2024 NERC ta ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, a Mayu aka sauke zuwa 206.80, a Yuli ya koma 209.50. Idan muka ɗauki wannan na ƙarshe, dafa lita 50 sau ɗaya yana cin kusan naira 490, wato wajen naira 14,600 a wata in sau ɗaya ake dafawa a rana, ban da harajin VAT na kashi 7.5. Mai lita 30 kusan naira 8,800 a wata. Waɗanda ke sauran rukunai suna biyan ƙasa da haka sosai. Ka duba farashin yunit a rasidinka, ka ninka da waɗannan alƙaluma.

Barin hita a kunne dare da rana yana ƙara kuɗi, domin zafi yana tserewa ta jikin tanki tana sake dafawa. A mai lita 50 asarar tana iya kusantar yunit ɗaya a rana. In wutarku tsayayya ce, kunna ta awa ɗaya ko biyu kafin wanka ya wadatar.

Mataki na huɗu: hukuma, mai gida da ma'aikaci

Hukumar da ke kula da ingancin aikin wuta a Najeriya ita ce NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, yanzu kuma tana aiki ƙarƙashin Dokar Lantarki ta 2023. Ita take ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa, ita kuma take duba aikin wuta. Ƙa'idojin yadda ake haɗa wuta a gine-gine suna cikin dokokin NESIS na 2015 da NERC ta fitar. Abin da wannan yake nufi a gare ka shi ne, kana da damar ka tambayi mai aikin wuta takardar NEMSA ɗinsa kafin ya taɓa akwatin wutarka. Mutane suna jin nauyin tambaya, musamman in ɗan unguwa ne ko ɗan uwa. Ka tambaya cikin mutunci: Malam, kana da takardar NEMSA? Wanda yake da ita da murna zai nuna.

Kayan kuma hukumar SON ce take kula da su: shaidar SONCAP ga na waje, ta MANCAP ga na gida. Ka duba alamar a jikin waya da kwalin hita, ka karɓi rasidi mai sunan shago da lambar jikin hitar, ka sa a buga hatimi a katin garanti. In rigima ta taso kan kayan jabu, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye da waɗannan takardu za ta saurare ka. Wajen waya, ta kamfanonin gida irin su Coleman da Cutix ta yi suna, sai dai su ma ana kwaikwayonsu. Wayar jabu takan zama siririya fiye da abin da aka rubuta, ko alminiyom da aka shafa wa ruwan tagulla. Kankare bakin jijiyar da wuƙa, in fari ya bayyana ka ajiye ta. Araha ba ta ado, balle a wayar da za a binne a bango.

Akwai wani tayi da wasu ma'aikata suke yi a asirce: a zagaye mita da layin hita, don kada ta cinye kati. Satar wuta ce, Dokar Lantarki ta 2023 ta sa ta cikin laifuka. A umarnin NERC na farkon 2025, mai mita ta layi ɗaya da aka kama karon farko zai biya naira 100,000, mai layi uku 200,000, ban da kuɗin wutar da aka sha. Ban da tara, layin da aka zagaye yawanci ba ya bi ta bireka ko RCD, ke nan an cire kariya daga na'urar da ta fi kowace buƙatarta. Idan kuma za ka sa hitoci masu dafawa nan take biyu ko uku, ka je ofishin kamfanin wutarku, KEDCO ne ko Kaduna Electric ko JED ko YEDC ko AEDC, ka tambaya ko mitarka da wayar da ta shigo gida za su ɗauka, ko sai an koma layi uku.

Hukumomin tsara birane irin KNUPDA a Kano harkarsu gini ce da sauya fasalinsa. Idan aikin zai kai ga sabon gini, ko hasumiya a bakin titi, nan ne za ka tuntuɓe su.

Ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida ko wakilinsa a rubuce kafin a huda bango. A rubuta wa zai biya, ko za a cire daga kuɗin haya, da kuma ko za ka tafi da hitar ranar tashi. Rigimar da ake yi a kan wannan ba kaɗan ba ce, domin abin da aka kafe a bango mai gida yakan ce ya zama na gida. In mita ɗaya kuke rabawa da maƙwabta, ku yi magana tun wuri, ko ka sa ƙaramar mita a layin hitar.

Mataki na biyar: ranar aiki

Ka kasance a gida. Ba sai ka iya aikin ba, idonka kawai ake buƙata.

Bango tukuna. Hita mai lita 50 idan ta cika ta kai kilo 65 zuwa 70. Bulo mai inci 6 mai rami ba ya riƙe wannan da ƙusa da ɗan katako. A yi amfani da kusoshi masu buɗewa, in bulon mai rami ne a cika ramin da kankare a bari ya bushe, ko a huda har waje a ɗaure da faranti na ƙarfe. A bar sarari a ƙarƙashinta, kamar rabin mita, don ranar da za a zare abin dafawar. Ta yi nesa da inda ruwan shawa yake fantsama, kuma ta kusanci famfo, domin duk ruwan da ya kwana a dogon bututu sai ya zube kafin mai zafi ya iso. Hitar tsaye ba a kwantar da ita, ta kwance ba a tsayar da ita. Masu ɓoye ta a cikin silin su bar ƙofar shiga da tire mai bututun zubarwa a ƙarƙashi, in ba haka ba ranar da ta fara yoyo silin ne zai ba da labari.

Sai ruwa. Bakin da ke da shuɗin zobe na shigar ruwan sanyi ne, mai ja na fitar ruwan zafi. Bututun PVC na ruwan sanyi ba ya jure zafi, yana laushi ya saki a mahaɗa; a yi amfani da PPR na ruwan zafi, mai lamba PN20 ko PN25, wanda ake haɗawa da injin narkarwa, ko kuma tagulla. Mai haɗa PPR in ya narkar da yawa, bakin bututun yana toshewa ta ciki, ruwa ya ragu ba ka san dalili ba, don haka ka sa a gwada gudun ruwa kafin a rufe bango.

Bawul ɗin kariya shi ne abin da zan fi daɗewa a kansa. Ɗan ƙaramin ƙarfe ne da ake ɗaurawa a bakin ruwan sanyi, yana aiki biyu. Yana hana ruwan hita komawa baya idan tankin sama ya ƙare, kuma yana buɗewa ya saki ruwa idan matsi ya yi yawa a ciki. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi: lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana ƙaruwa da kusan kashi uku cikin huɗu na lita. Wannan ƙarin dole ya samu mafita, shi ya sa bawul ɗin yake ɗiga lokacin da hita take aiki. Ɗigar ba lalacewa ba ce. Amma sau da yawa uwar gida takan yi ƙorafin jiƙewar bango, sai mai famfo ya toshe bakin, ko ya cire bawul ɗin gaba ɗaya. Ranar da na'urar daidaita zafi ta maƙale, ruwa ya wuce tafasa a rufaffen tanki, hitar tana iya fashewa da ƙarfin da zai rushe bango. Maganin ɗiga shi ne a sa siririn tiyo a bakin, a gangara da shi zuwa magudana, a bar ƙarshensa a buɗe inda ido yake gani. Kuma kada a sa bawul na rufewa tsakaninsa da hitar. Na rufewa yana gabansa, ta ɓangaren tankin sama.

In za a sa famfon ƙara matsi, a sa shi a babban layin da yake ciyar da ruwan zafi da na sanyi duka. In ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, surki ba zai daidaita ba.

Sai wuta. Hita tana buƙatar layinta ita kaɗai tun daga akwatin rarrabawa, ba a ja mata daga soket ɗin ɗaki ko layin fitila ba. Ga mai tanki, wayar tagulla mai kaurin milimita 2.5 da bireka mai amfiya 16 ko 20 sun isa. Ga mai dafawa nan take ta wat 5,500 zuwa 7,000, milimita 6 da bireka mai amfiya 32 zuwa 40, in nisan ya yi yawa a ƙara kauri. Makunni a wajen banɗaki, kusa da ƙofa, inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai ba.

Bireka tana kare waya daga ƙonewa ne, ba ta kare mutum. Abin da yake kare mutum shi ne wayar ƙasa da RCD. Idan abin dafawar ya tsage, wuta tana shiga ruwa da jikin hita. Wayar ƙasa ce take janye ta, RCD kuma ta ji yoyon ta yanke wuta cikin ƙiftawar ido. Gidaje da yawa suna da koriyar waya a soket wadda ba ta zuwa ko'ina. Ka ce a nuna maka inda sandar take a binne, a kuma auna ta da na'ura. A ƙasarmu mai bushewa da rani, sanda ɗaya gajeriya takan gaza, sai an ƙara tsawo ko an kafa ta biyu. Gishirin da ake zubawa a ramin yana taimakawa na ɗan lokaci, amma yana cin sandar.

Mataki na shida: gwaji, sannan biya

Ruwa kafin wuta. A buɗe famfon ruwan zafi, a buɗe bawul ɗin shiga, a jira har iska ta gama fita ruwa ya zo a miƙe ba tari. Sai a kunna. Hitar da aka kunna babu ruwa, abin dafawarta yana ƙonewa nan da nan, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan. A danna maɓallin gwaji na RCD a ga wuta ta yanke. A ɗaga ɗan hannun bawul ɗin kariya a ga ruwa ya fito. A jira hitar ta kai zafinta a ga fitilarta ta mutu da kanta, alamar na'urar daidaita zafi tana aiki. A shafa kowace mahaɗa da busasshen ƙyalle. Bayan awa ɗaya a taɓa makunni. In ya yi zafi, akwai wayar da ba a ɗaure da kyau ba. Ka riƙe wani kaso na kuɗin aiki har kwana biyu ko uku, kuma ku yi wannan yarjejeniya tun farko don kada ta zama abin ɓacin rai.

A saita zafi a wajen digiri 60. Ƙasa da haka sosai, ƙwayar cutar Legionella mai kawo ciwon huhu tana yaɗuwa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 zuwa 45. Sama da haka kuma ana ɓarnar wuta, farin dutse yana saurin taruwa. Amma digiri 60 yana ƙona fata cikin sakanni kaɗan, fatar jariri da ta tsoho ma ta fi saurin ƙonewa. A koya wa yara da masu aikin gida su fara buɗe na sanyi, a kuma taɓa ruwan bokiti kafin a sa yaro.

Bayan an gama

Duk wata a danna maɓallin RCD, a ɗaga hannun bawul don kada ya maƙale. A cikin tankin hitar akwai sandar magnesiyam da aka sa don tsatsa ta ci ta maimakon jikin tanki. Idan ta cinye, tankin ne zai fara hujewa, kuma hujajjen tanki ba ya gyaruwa. A duba ta duk shekara ɗaya ko biyu. Inda ruwan burtsatse yake barin farin dutse a cikin buta, haka yake bari a jikin abin dafawar, sai hita ta riƙa ƙara tana jinkirin zafi. A zare a wanke lokacin da ake duba sandar. Ruwan rijiya mai yashi yana son matata kafin ya shiga.

Duk ranar da wani ya ji ɗan tsikari a famfo ko a ruwan shawa, ko kaɗan ne, a kashe bireka, kada kowa ya sake wanka sai mai aikin wuta ya zo. Idan zafi ya shigo aka daina amfani da hita, a kashe ta daga bireka. Kafin a sake kunnawa a Nuwamba, a tabbatar tana cike, a bar ruwan da ya daɗe a ciki ya zube, sannan a dafa sabo har digiri 60 kafin kowa ya yi wanka da shi.